Mai Fotokwafi a Yalwa

Wata huɗu ke nan ƙofar jami'a a garƙame.
Injina ya yi tsit, kamar gidan da aka share makoki.
Na lulluɓe shi da tsohon zanen Kaltume
kada ɓera ya tare a ciki.

Ban taɓa zama a aji ba,
amma ilimin Yalwa ta hannuna yake wucewa:
shafi naira talatin, gaba da baya hamsin.
Na san kaurin littafin tattalin arziki,
na san tawadar da yake sha,
da fetur ɗin da janareta ke lashewa kafin a kai babi na tara.

A rediyo ana ta ja-in-ja kan biliyoyi.
Malamai na cewa alkawari,
gwamnati na cewa kasafi.
Ba wanda ya ambaci Rifkatu mai shinkafa da wake,
wadda ta sauko daga mudu goma zuwa biyu,
biyun ma sai an kai dare.
Ba wanda ya ambaci Baraya mai ɗakunan haya,
da ke zagayawa da tarin makullai
yana gaisawa da gizo-gizo.

Akwai wani yaro, Iliya, daga Bogoro.
Ya bar mini kundin bincikensa in buga,
ya ajiye rabin kuɗi,
ya ce ciko sai babansa ya sayar da gyaɗa.
Gyaɗa ta nuna, an cire, an ci.
An ce yana Muda Lawal yana dakon buhu.

Jiya da dare na ɗauko kundin, na haska tocila.
Ashe a kanmu ya yi rubutun:
wa ke biyan kuɗin karatu, wa ke cin moriyarsa.
Ya zana jadawali, layi-layi,
uba, gwamnati, ɗalibi.
Na duba har ƙasa, ban ga layina ba.

Da safe Safara'u ta kawo mini sakamakonta,
maki ɗari biyu da sittin da ɗaya, tana son karatun likita.
Na ce madalla.
Na yaye zanen, na busa ƙurar gilashin,
na tayar da janareta da ɗan guntun man da ya rage,
na buga mata kwafi uku.
Ta miƙo naira casa'in tana dariya.
Na karɓa.
Cinikin farko ke nan tun sallar layya.