Abin da Beto Zai Haɗiye

Kafin rana ta hau kan darbejiyar unguwar Zariya
na riga na tsuguna cikin rami,
awartaki a hannun dama, ƙullin waya a ƙugu.
Ni ne Nomau, mai ɗaurin ƙarfe.
Shekara talatin da ɗaya ina saƙa keji
wa tsuntsun da ba ya tashi.

Rodi huɗu a tsaye, zobba na hawa kansu.
Murɗa biyu, ja ɗaya, datse.
Ƙasar Maradi rairayi ce, ba ta riƙe amanar nauyi,
shi ya sa muke shimfiɗa mata tabarmar ƙarfe a ƙasan tushe,
mu sa wa tabarmar ƴan matasan kai na siminti
don kar ta kwanta kan ƙasa tsatsa ta ci ta.

Da hantsi ta zo. Ra'ila.
Hular kwano fara, takardar zane naɗe a hammata,
alli a aljihu, awo a hannu.
Sa'ar autata ce, ko ma ƙanwarta.
Ta gaishe ni har da rusunawa,
sannan ta sauka ramin
kamar mai duba ƙwai a akurki.

Ginshiƙi na ɗaya, ta yi shiru.
Na biyu, shiru.
A na uku awon ya tsaya.

"Baba, nan gindi santi goma aka rubuta.
Sha bakwai nake gani."
Ta sa ɗan yatsa ta ture zobe, ya zame ƙasa
kamar munduwa a hannun ramammiya.
"Kuma bakin ƙugiyar nan bai lanƙwasa ciki ba.
Ranar da nauyi ya danno, buɗewa zai yi."

Na waiga. Tsahiru, yarona, yana kallon takalminsa.
Jiya na bar masa layin yamma na tafi jana'iza Tibiri.
Ƙarfe ya kasa, ya ja tazara don ya kai.
Ban duba ba.
Wannan ita ce maganar: ban duba ba.

Injin kwaɓa na ta gurnani a bakin hanya,
an tara tsakuwa, an biya ƴan ga-ruwa,
mai kwangila na buga ƙafa, waya a kunne:
"Santi bakwai ne zai hana ni zuba yau?
Wa zai gani in an rufe?"

Ta ce, "Ba kowa."
Ta zana gicciyen alli jikin katako bakwai.
"Ajin ƴan firamare ne za ya hau nan, hawa biyu."
Ba ta ƙara ba.

Kunya ta fi rodi zafi in ya sha rana.
Na so in ce: yarinya, kafin a yanke miki cibi...
Sai na haɗiye. Awo ba ya sanin furfura.

Mun kwance. Ɗaya bayan ɗaya muka kwance.
Waya ta tsaga mini babban yatsa, na tsotse, na ci gaba.
Tsahiru na lanƙwasa ƙugiya a kan benci
har bakinta ya koma ciki ya ciji ciki.
Magariba ta same mu a na biyar,
na bakwai da fitilar salula a baki.

Da safe ta dawo, ta ƙirga, ta girgiza kowane zobe.
Ko ɗaya bai motsa ba.
Ta goge allin da gefen hannu, ta sa hannu a takarda,
ta ce, "Sannu da aiki, Baba."
Beto ya sauko, ya haɗiye kome:
ɗaurina, jinin yatsana, kuskuren Tsahiru da gyaransa.

Yanzu an shafe shi da fenti ruwan ƙwai.
In na bi ta nan a kan keke, lokacin tashi,
yara na tsere a bene, ƙafafu kamar ruwan ƙanƙara kan kwano,
nakan tsaya in dafa ginshiƙi na uku.
Sanyi ne da shi. Ba ya cewa kome.
Mai gadi ya ɗauka hutawa nake.