Tashar Ƙaura

Daga zangon Kumasi na taso,
lambar tagulla a aljihu
da hoton Labbo cikin kaki.

A nan jirgi ya ɗauke shi.
Yaƙin Bama ya cinye masa kunne ɗaya
da rabin magana.
Bai taɓa ambaton Ƙaura ba
sai cikin barci.

Yau awaki ke kiwo a kan dogo.
Na nuna hoton a teburin mai shayi,
na nuna a bakin Gagare.
Kowa sai, Allah ya jiƙan rai.

Wata tsohuwa mai daddawa
ko kallon hoton ba ta yi ba,
tafiyata ta bi da ido:
"Ɗan Labbo ne?
Gatarin babanmu ya ara
da safen da ya tafi.
Ka taho da shi?"