Faifan Majigin Baba

Ramukansa tamanin ne, na sha ƙirga su da yatsa,
baƙin faifan nan mai faɗin murfin tukunya
da ke zaune a kan majigin Baba
kamar gammo a kan mai tallar gwaza.
Ranar Laraba ya zamo daga saman kwaba,
ya rabe biyu a kan siminti,
hotuna suka watse ƙarƙashin gado kamar karta.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Cewa kawai ya yi, "Lantana,
yau wa zai kunna mini Barikin Ladi?"

Da Dilimi na fara, layin masu kayan wuta.
Wani yaro ya jujjuya ɓallin a hannunsa,
ya ce, "Anti, na fanka ne, ko na injin markaɗe?"
Maigidansa Obiora ya sauke tabarau:
"Guda shida nake da su a shagona na sama,
kafin babbar kasuwa ta ci wuta.
Je ki tambayi toka."

A Katako na tsallake rediyoyin da suka daina magana
da keken ɗinki marar kai,
aka miƙo mini wani dogo mai kama da akwatin alli.
Na ce ba zai hau ba.
Namu zagayawa yake yi, ya koma inda ya fara.

Sabi'u ya bugo daga Abuja:
a ɗauke su duka a waya mana, kowa ya huta.
Gaskiyarsa.
Sai dai Baba ba ya gane mutum a tafin hannu.
Sai an kashe fitila, an kafa farin zanin gado da ƙusa biyu,
fankar cikin injin ta fara huci,
ƙarat, ƙas,
sannan sunaye suke dawo masa baki.

Mai gyaran agogo na Gangare ne ya ce
in nemi gidan Dalyop mai hoto a Bukuru.
Dalyop ya yi shekara tara a ƙasa.
Ngo Kachollom ta zaunar da ni, ta zubo gwaten acca,
sai da na ga gindin kwano ta shiga ɗaki
ta jawo kwalin sabulu da ƙafa.
Biyu ne a ciki, naɗe da tsohuwar rigar sanyi.
Na buɗe jaka, ta dafe mini hannu:
"In kin biya, to na sayar da shi ke nan."

Dare biyu ina jera hotuna, kai ƙasa, kamar yadda Baba ya koya mini.
A rami na arba'in da ɗaya
na tarar da wani ya maƙale, ba namu ba.
Na sa tsinke, ya ƙi. Na ƙyale shi.

Ranar Asabar aka kawo wuta bayan isha'i.
Ƙarat, ƙas.
"Sallau direban katafila."
"Bature mai ɗingishi, bai taɓa iya cewa kuza daidai ba."
"Uwarku ke nan, ranar da ta hau kekena ta faɗa cikin kabeji."
Yara suka kwanta da dariya,
inuwar kunnen Habiba ta rufe rabin dutse.

Sai arba'in da ɗaya.
Wata budurwa mai jan ɗankwali
a bakin kududdufin kuza, ruwan kore shar,
ta kare rana da hannu, tana yi wa mai ɗaukar hoton dariya.
Ni na san haƙoran nan. Na ci gwate a gabansu.

Baba ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Wannan tamu ce.
Sunan ne ya shige mini."

Maɓallin yana hannuna, ya yi ɗumi.
Ban danna ba.