Ɗigon da Ba a Saya Ba

Ni ɗan garuwa ne a Damagaram.
Na san kuɗin ruwa kamar yadda mahauci ya san ƙashi:
jarka goma a kura, hawa biyu kafin Birni,
gumina ke biya tun mai gida bai taɓa aljihu ba.
Amma ɗigon da Nafi'u ya kawo gida
babu wanda ya auna, babu wanda ya saya.

Damina ta cika ramin masu fasa dutse,
yaran unguwa suka naɗa shi kogi.
Ɗana, shekara tara, ƙafafu kamar na zalɓe,
ya yi nutso daga kan falale har rana ta yi ja.
Ya dawo da laka a gira,
ya ce, Baba, ana kaɗa ganga cikin kaina.

Na ce yi langa, karkata kai,
haka muka yi muna yara.
Ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar gida,
kaji suka watse, uwarsa na dariya.
Ruwan bai fito ba. Ya sami ɗaki.

Daren na uku babu mai dariya.
Kunnen ya yi jawur, ya kumbura, ko iska ba ya so.
Lomar tuwo ta zama aiki.
Barira ta gasa gishiri a kasko, ta ƙulle a tsumma,
ta ɗora masa a gefen kai tana hura masa goshi.
Ya yi barci kaɗan, gwargwadon ɗumin tsumman.

Da safe unguwa ta zama asibiti.
Iya Fanna ta zo da tafarnuwa cikin man kaɗanya,
ta ce da shi ta raini bakwai.
Mai shayi ya ce ruwan albasa.
Wata ta ce nonon mai jego, wata ta ce ɗigon turare.
Wanzami Ɗan Ladi ya zaro gashin zabuwa,
yaron ya ƙwala ihun da ya tsayar da kiran kasuwa a bakin mai ƙosai.
Ni kuwa na tsaya riƙe da kura,
duk wanda ya faɗa, in ce to.

Ranar Laraba muka ga rawaya a kan matashi,
da wani wari da ban sani ba.
Na ajiye kura. Na goya shi kamar jariri.

Likitar, 'yar siririya mai tabarau, ta haska fitila,
ta shaƙa, ta dube ni ta saman gilashi:
Malam, kunne ne ko tukunyar miya?
Na sunkuyar da kai.
Ta ce tsumman ɗumi ya tsaya a waje, shi bai yi laifi ba,
sauran duk ku bar wa girki.
Kada tsinke, kada gashi, kada ruwa har sai na sake gani.

A farmasi suka miƙo kwalba
wadda ba ta kai babban yatsana ba.
Jika biyu da rabi.
Na lissafa a tsaye: jarka hamsin,
kura biyar, hawa goma.
Ban taɓa sayen ruwa da tsada haka ba,
ni da nake sayar da shi.

Ɗigo uku da safe, uku da dare.
Barira ke ƙirgawa da murya, kamar mai biyan bashi.
Iya Fanna ta yi fushin kwana biyu,
ta dawo da kunun gyaɗa, ba ta ce komai ba.

Jiya na bi ta bakin ramin da kurata.
Na hango shi zaune kan dutse, busasshe,
yana gadin rigunan abokansa,
yatsun ƙafarsa na motsi duk lokacin da wani ya faɗa ruwa.
Na kira sunansa a hankali, daga nesa, don gwaji.
Ya waiwayo.
Ta ɓangaren hagu ya waiwayo.