Yaren Fure

Jikata Rumasa'u ta samu aiki
a shagon furanni, nan cikin Ɗa'ifa.
Ta dawo da magariba, sanyin firji a rigarta,
da ɗan littafi mai hotuna,
ta ce, "Iya, zauna in koya miki yaren fure."

Jan wardi, wai, so ne da ya kai wuya.
Fari zuciya ce da ba ta san tabo ba.
Rawaya kishi ne, ko kuwa abota,
ya danganta da garin da aka buga littafin.
Yasmin kunya. Narjis son kai.
Akwai wani mai baki kamar finjalin gahawa,
a jirgi ake kawo shi, yana barci,
shi wai cewa yake: na amince.

Na ce to.
Na miƙa mata tafin hannuna.
Na ce karanta wannan.

Shekara talatin da ɗaya ina tsinkar wardi a Shafa,
can kan dutse, inda gajimare ke kwana a ƙasa.
Daga sallar asuba sai cikin kunyoyi,
don in rana ta leƙo, ƙamshin ya gudu.
Kwando a ƙugu, raɓa har gwiwa,
ƙaya ta san babban yatsana
fiye da yadda zobe ya san shi.
A wurina wardi kuɗin haya ne.
Takalmin makarantar ubanki ne.
Kwana arba'in ne da za su ciyar da shekara.

Kakanki Ɗanjummai shi ke hura wuta
ƙarƙashin tukwanen tagulla.
Dubu kan dubu ake zubawa
kafin turare ya ɗigo, ya cika kwalba kamar yatsa.
Yakan shigo gida maƙwabta na tsokana:
ga angon kullum ya dawo.
Bai taɓa ba ni fure ba, ko ɗaya.
Amma shekarar da ciwon ido ya kwantar da ni,
ya roƙo ragowar ruwan tukunya
a tsohuwar kwalbar lemo,
yana ɗiga mini, yana faɗa wai na cika motsi.
Duba littafinki, wane launi ne wannan?

Uwata da ta zo ta ƙasa, ta Sudan,
da nata karatun ta iso.
Furen kabewa, in ji ta, miya na tafe.
Bado, kada ki shiga, akwai zurfi.
Tumfafiya, gona ta gaji.
Furen lalle kuwa da dare yake magana,
kuma ba da yara ba.
Can ba a tsinkar fure don kallo,
wanda ya tsinka ya ci ɗan tun yana ciki.

Rumasa'u ta yi shiru, sannan ta ce
jiya wani dattijo ya shigo shago,
ya daɗe yana juya carbi,
ya tambayi wanne ke cewa "ki yafe mini".
Ta ba shi fari.
Na ce, da hannu nawa ya karɓa?
Ta ce biyu.
Na ce to, saƙon ya isa, ko da ganyen albasa ne.

An ce da ruwan wardinmu ake wanke Ɗakin Allah.
Ban gani ba, ba a kiran irinmu.
Sai dai in na yi ɗawafi nakan ja numfashi,
ko zan ji wata safiyata a ciki.

Ta ciro guda da ya yi kwantai,
ja wur, dogo, an aske masa ƙaya,
ta tsaya da shi a kofi.
Na kai hanci.
Na sake kaiwa.
Na ce, 'yar nan, wannan bebe ne.

Na buɗe akwati, na ɗauko tsohon mayafin aiki,
shekara tara rabonsa da gona,
na yafa mata.
Ba ta ce komai ba.
Littafin yana nan a tabarma, a kife.