Igiyar 'Yan Koyo

Hunturu biyu na yi a gindin wani tudu
da bai kai rabin Goron Dutse ba,
a ƙasar da sama ke zubo da audugar rimi mai sanyi
ta kwana a ƙasa ba ta narke ba.
Karatu ya kai ni ƙasar.
Kuɗin haya ya kai ni tudun.

Aikina igiya.
Inji a ƙasa, mai tari irin na markaɗen Hansatu,
ƙatuwar taya a sama,
igiya na zaga su tun hantsi har fitilu su kama.
Gwanaye suna can babban dutse
suna lilo a kujerun da ke tafiya a iska.
Nawa 'yan koyo ne:
yara masu daskararriyar majina,
da wani dattijo da ya ajiye aikin gidan waya,
an ɗaura wa kowa dogon katako a ƙafa,
suna rawar gwiwa kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Magana uku na iya da yarensu
tun ban iya cinikin burodi ba:
Kar ka zauna.
Kar ka ja.
Saki.

Wanda ya zauna, ƙasa ta karɓe shi.
Wanda ya ja, igiya ta nuna masa ta fi shi taurin kai.
Amma sakin, nan ake yin ta.
Tudu ya ƙare, hannu ya ƙi buɗewa.
Sau nawa na danna jan maɓalli
saboda wata yarinya mai koren safar hannu
da ta rantse da igiyar za ta koma gida.

Yau ga ni a Gwammaja.
Zafi ya narkar da kwalta, wuta ba ta zo ba tun jiya,
babu abin da ke daskarewa a nan
sai ɓarin hagun Baba.
Wata Laraba ce ta kayar da shi a Kantin Kwari
da bandir ɗin shadda a kafaɗa,
shi da ya hau Dala da ni a wuya ranar Takutaha,
yana ƙirga matakala da ƙarfi don in koyi lissafi.

Na je Kurmi na sayo igiyar guga, gaba takwas.
Na ɗaure bakinta a ƙarfen tagarsa,
ɗaya bakin a jikin darbejiyar tsakar gida.
Taku goma sha huɗu ne, na auna da ƙafata.
Ba inji. Ni ne injin.

Kar ka zauna, Baba.
Ya harare ni da idon da ya rage masa na faɗa.
Kar ka ja, bi ta a hankali.
Silifas ɗinsa na jan siminti, shuu, shuu,
sautin da na sani daga wata duniya.
Inna ta bar tsintar shinkafa.
Kaji ma sun ba mu hanya.

Ran farko taku uku, sai kujera.
Ran tara, bakwai, da zagi biyu da ban ji sosai ba.
Azumi ya zo ya wuce, igiya ta yi baƙi da gumin tafinsa.

Jiya bayan la'asar ya taɓa darbejiya.
Ya tsaya yana haki, ganye ɗaya a kan hularsa.
Na ce, saura ta ukun, Baba. Saki.

Ya ɗaga hannun dama, ya nuna mini tafin, wayam.
Ashe tun taku na goma igiyar ke lilo ita kaɗai.
Da karkataccen bakin nan ya ce,
Tasi'u,
rigata.

Na duba.
Yatsuna biyar a cikin bayan rigarsa,
sun ƙi buɗewa.