Kwamfutar Baldomero

Herminia ta hawo tudunmu na Valparaíso da hantsi,
kwamfuta cikin jakar da take zuba burodi.
Ta dire ta kan teburina tana haki,
ta ce, "Yaro, ta mijina ce.
Shekara uku da rasuwarsa ba ta yi mini gardama ba,
sai jiya ta rubuto a allo
wai kwananta ya ƙare, babu sauran mai kula da ita."

Na buɗe.
Harafin A ya goge don yawan taɓi,
ga tabon shayi kusa da makunni,
fanka na nishi kamar akuya mai mura.

Na ce, "Inna, ƙarfen lafiyarsa lau.
Babbar manhajar ce ta tsufa,
wadda makullan ɗakunan duka ke hannunta.
Hanya uku ce gabanki."

Ta ce, "Na ji biyu tun kafin in fito.
Ɗana Isidro ya kira daga Santiago,
wai in sayi mai tambarin tuffa, ba ta laulayi.
Na tambayi kuɗin, sai da na nemi kujera.
Fanshona na wata huɗu ke nan, ban ci ba, ban sha ba.
Casilda maƙwabciyata ta ce sabuwar Windows,
wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
To, sabuwar ta raina wannan ƙarfe,
ta ce sai an sake mata ɗaki kafin ta tare."

Ni kuwa Linux ke bakina tun ina ɗan sha bakwai.
Na gyara zama, na shiga wa'azi:
kyauta ce, ba mai leƙen aljihunki,
dubban hannaye da ba su san juna ba
suna ɗora bulo kan gini ɗaya.
Ta bar ni har na kai aya.
Sannan ta ce, "Za ta gane firintata?"

Jirgin ruwa ya yi kuka can ƙasa a tasha.
Ban da amsa.

"Ranar Laraba nake buga lissafin gidan burodi.
Lahadi jikata na fitowa a allo
ta nuna mini gurbin haƙorin da ya fita.
Sai wasan dara da Baldomero ya bari a tsakiya,
shi da na'urar suke karawa.
Dokinsa na tsaye inda ya aje shi.
Ba na so a taɓa."

Na soka 'yar filasha, na ce, "Ɗanɗana,
ba mu ƙulla komai ba tukuna."
Ta sauka da keken igiya, ta dawo da firintar a rungume.
Na jona. Ta yi tari sau biyu,
ta tofo takarda, lambobi reras.
Muka kira jikar, ta fito da giɓinta tana dariya.
Wasan ne kawai ya ƙi ƙaura.
Na juya, na juya har la'asar,
ya ce shi a tsohon gida aka haife shi.

Sai na ja katanga a cikin faifai, na raba shi biyu.
Babban ɗaki na sabuwa,
ƙaramin na tsohuwa, na yanke mata intanet
don kada ɓarawo ya shigo ta tagar da ba mai gadi.
Yanzu in ta kunna, allo kan jira daƙiƙa goma
yana tambaya: ina za a shiga?

Ta biya, ta ƙara mini burodi biyu masu ɗumi.

Wata biyar baya muka haɗu a layin kifi.
Ta ce firinta na aiki,
gunkin ajiya ne dai aka kai shi inda bai dace ba,
kuma Isidro har yau yana fushi.
Na ce, "Ƙaramin ɗakin fa?"
Ta ce takan shiga in barci ya ƙi zuwa.
Ta hango inda dokin zai taka tun bara,
taku uku, wasa ya ƙare.

Ta ɗaga kifi ta duba idonsa.
Ta ce, "Ba sauri nake ba."